Takarda Da Rani, Gona Da Damina



Akwai tambayar da mata suke yawan yi mini a gidan biki ko suna, musamman waɗanda suka san mu manoma ne: wai yaushe nake samun lokacin zama ina yanka takarda? Wasu da sha'awa suke tambaya, wasu kuma kana jin muryarsu ka san so suke su ce "ke dai ba ki da aikin yi". Na ga gara in ba da amsar sau ɗaya, ko wata mai irin sha'awata za ta tsinci abin da zai yi mata amfani.

Abin da nake yi ba wani babban abu ba ne. Furanni ne na takarda da ake mannawa a bangon da amarya za ta zauna, da jakunkunan da ake zuba kayan rabon biki, da 'yan akwatunan dabino da alewa na walimar sauka, sai tutoci da sarƙar takarda da makarantun Islamiyya suke ratayawa. Kayan aikina duka suna shiga tsohuwar akwatin ƙarfe ɗaya: almakashi biyu, reza, rula, fensir, zare, gam, da faifan katako da nake yanka a kai.

Gidanmu a nan Dawaki yake, amma abincinmu yana wajen Kwadon, a kan hanyar Dadin Kowa. A can maigidana yake noma masara da gyaɗa da wake da 'yar dawa. Akwai ɗakuna biyu na ƙasa da rumfa, da tumaki da awaki da kaji, kuma Dada, mahaifiyarsa, ta fi son zaman can a kan zaman gari. Daga saukar ruwan shuka har dami ya shiga rumbu rabin rayuwarmu a can take, idan kuma aka ba yara dogon hutu a ƙarshen Yuli sai mu kulle gida mu tare gaba ɗaya.

Son takarda a gidan mahaifina na ɗauko shi. Birkila ne, kuma a lokacin simintin Ashaka a buhun takarda yake zuwa, mai ruwan ƙasa, rufi a kan rufi. Idan an gama aiki sai ya kakkaɓe buhunan ya naɗo su gida. Rufin ciki da ya taɓa siminti a jefar, na tsakiya kuwa fes yake, ga ƙwari. Da shi muke rufe littattafan makaranta, da shi masu tsire da kilishi suke ƙunshi, tela ma a kansa yake fitar da yankan riga. Ni kuma sai in ɓoye 'yan guntaye ina naɗa jirgin ruwa da hular soja da fanka. Yanzu buhun siminti ya koma na roba, yaran zamani ba su san wannan takardar ba. Sannan akwai Alƙur'anin kakana, rubutun hannu, warƙa a kan warƙa ba ɗinki, a cikin tadarishi da gafaka. Ranar da yake cikin nishaɗi yakan ɗauko wata farar warƙa da ta rage ba a yi rubutu a kanta ba, ya ɗaga ta saitin rana ya ce mu duba. Sai ka ga jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar. Sai da na girma na san cewa a ƙasar Italiya ake yin irinta, a arewacin birnin Benis, fatake suna kawo ta ta Masar da Tarabulus su ƙetaro Sahara da ita har ƙasar Borno da ƙasar Hausa. Tun daga nan na daina kallon takarda a matsayin shara.

To yanzu ga amsar tambayar. Ni ba na raba yini tsakanin gona da takarda. Shekara nake rabawa, kuma ba dabarata ba ce, ita takardar ce ta yanke hukuncin.

Takarda daga zaren itace ake yin ta, saboda haka tana shan laimar iska kamar yadda busasshen kara yake sha. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a Gombe, ko ba ta taɓa ruwa ba za ki ga ta yi lagwab. Ki naɗa ta ba za ta riƙe karin ba, ki yi fure da daddare ki tashi da safe ki tarar ya sunkuyar da kai kamar kazar da ruwa ya doka. Mai launi kuma rininta zuba yake yi, ja ya shiga fari. Gam ma haka. Na manyan ayyuka da kaina nake damawa, garin rogo a ruwan sanyi, a zuba a tafasasshe a yi ta juyawa har ya yi kauri kamar koko. Da rani wannan gam ɗin kafin ki idar da sallar la'asar ya kama. Da damina sai ya kwana biyu bai bushe ba, ya yi tsami, ya yi hunhuna, kuma ƙanshinsa gayyata ce ga kyankyaso da ɓera. A ɗakin ƙasa kuwa ga gara, wadda ba ta san bambancin takardar ado da jinka ba. Ga awaki. Wanda bai taɓa ganin akuya tana cin takarda ba bai san kwaɗayi ba. Akwai shekarar da autana ya bar ƙyauren ɗaki a buɗe, muka dawo daga rijiya muka tarar da wata jar akuya tana tauna fure na ƙarshe cikin goma sha biyu, tana kallonmu ko a jikinta.

Saboda haka da an yi ruwa na biyu ko na uku sai in tattara. In jera takardun a shimfiɗe tsakanin kwali biyu, in zura su cikin ledar buhun PICS, irin mai rufi uku ɗin nan da aka fara kawo wa manoman wake wajen 2007 don ƙwari su mutu a ciki ba tare da an zuba magani ba. Ledar da ta hana iska shiga wa wake ita ce take hana laima shiga wa takarda. In ɗaure bakin tam, in ɗora a saman kwaba a Dawaki, in juya mata baya.

Kuma ko takardar ta yarda, ina lokacin? Wadda ba ta taɓa zaman gona ba tana ɗauka aikin maza ne. Ranar noman fari ko maimai, idan an ɗauki 'yan ƙwadago goma, kafin hantsi kunu ya isa gona, kafin azahar tuwo ko ɗanwake ya bi baya, kuma a murhun itacen da ruwa ya jiƙa. Ga ɗiban ruwa, ga ciyawar tumaki tun da an ɗaure su kada su shiga shukar mutane, ga wankin yara da taɓo, ga sauro da zazzaɓin da yake biyo shi. Idan aka yi isha'i ko allura aka ce in zura ba zan ga kafar ba, balle in riƙe reza. Da kaka kuma abin sai ya ninka: karyar masara da ɓare ta, cirar gyaɗa da tsinka, shanya da kwashewa duk sanda hadari ya taso, roron wake, sussuka, shiƙa. A wannan watannin hannuna kansa canzawa yake, ya yi kanta, farce ya kakkarye.

Daga tsakiyar Disamba duniya take sakin mara. Hatsi ya shiga rumbu, na sayarwa ya tafi Tudun Hatsi, harawa ta hau rumfa, yara suna makaranta. Sai in kwance bakin ledar nan. Hunturu lokacin takarda ne: tana ƙara idan an taɓa ta, kari yana fita kamar an sa dutsen guga, gam yana bushewa nan take. Matsalarsa biyu ce kawai. Ƙura, wadda take sa dole duk abin da na gama in rufe shi da tsohon zane. Sai kaushi. Yatsu suna tsagewa, a shafa man kaɗanya, shi kuma man ya bar tambarin yatsa a kan farar takarda wanda ba ya fita har abada. Don haka sai na gama aiki nake shafa mai, in kwana da raɗaɗin. Allah da ikonsa kuma, lokacin ne bukukuwa suke yawa, don manomi ya sayar da amfani ya samu na aurar da 'ya, ga kuma masu gaggawar a ɗaura kafin azumi, wanda a shekarun nan yake kamawa a Fabrairu ko Maris. Awa biyu nake ɗauka, daga an tafi makaranta na gama shara da wanke-wanke zuwa lokacin ɗora girkin rana, sai kuma ɗan abin da ya samu bayan isha'i a hasken fitilar sola. Bindigar gam mai aiki da lantarki ina da ita, amma ban dogara da ita ba. Wanda ya ga duhun da muka sha a Afrilu da Mayun 2024, sanda aka lalata turakun layin wuta na Jos zuwa Gombe, ya san dalili.

Da a ce komai yana tafiya a kan wannan tsarin da babu abin rubutawa. Inda gizo yake saƙar shi ne watan Musulunci ba ya bin damina da rani, kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya. Lokacin da na fara yi wa makarantu tutocin Maulidi a 2015, a Disamba ya kama, tsakiyar hunturu, hannuna a sake. A 2019 ya dawo Nuwamba, a 2021 Oktoba, daga 2023 zuwa 2025 kuwa Satumba, daidai lokacin da masara take jiran a karya ga ruwa bai ɗauke ba. Nan gaba cikin Agusta zai shiga, ya ɗauki shekaru yana ratsa damina. Malaman da suka saba aiko mini da yara su karɓi kaya ba su fahimci me ya canza ba, su dai sun san wata ya kama. Abin da na koma yi shi ne in yanka tutocin tun cikin Maris, in jera su a shimfiɗe ba gam ba zare, in ɗaure a leda. Idan lokaci ya yi in miƙa wa manyan ɗalibai mata su manna da kansu ana gobe za a rataya. Ba ya yin kyau kamar wanda na haɗa da hannuna, wani ya karkace wani gam ya yi masa yawa, amma daga nesa ake kallon tuta.

Wanda ya fi tsaya mini a rai na wata Nuwamba ne. Wata Hajiya daga cikin gari, wadda ta ga aikina a wani biki, ta aiko har gona tana son jakar rabo ɗari uku da bangon furanni, cikin kwana goma sha biyu. Kuɗin da ta ambata ya kai na buhunan wake da dama, kuma a lokacin muna neman kuɗin jarrabawar babbar 'yata. Amma waken ya bushe a gona. Kowa ya san wake ba ya jira: ya wuce lokaci kwanson ya fashe ya zube a ƙasa, ga kuma shanu sun fara gangarowa neman kara da harawa, gonar da aka bar amfani a cikinta ita ce take jawo rigimar da ba a so. Mata ne suke roro, kuma matan da ake ɗauka ba sa tsayawa idan uwar gida ba ta wurin. Na kwana ina lissafi. Maigida bai ce mini kar in karɓa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Maman Ummi, ke kika san ƙarfinki." Dada ce ba ta ɓoye nata ba. Tana tsince gyaɗa ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "'Yar nan, ni dai ban taɓa ganin an tuƙa tuwo da takarda ba."

Na aika wa Hajiya cewa jaka ɗari zan iya, ba bango, idan ta yarda a kawo ana jibi biki. Ba ta yarda ba, kuma ban ga laifinta ba, biki ba ya jiran manomi. Ta ba wasu a cikin gari, ba ta sake nema na ba. Mun rore waken cikin kwana tara. Kuɗin jarrabawar daga cikinsa ya fito, da tunkiya ɗaya da aka kai kasuwa. Har yau idan na wuce ƙofar gidan nan nakan tuna bangon da na riga na zana a raina, fari da ruwan hoda, wanda ban yi ba.

Dada ɗin nan kuma, don kada a ɗauke ta maƙiyiyar abin, ita ce take ware mini ɓawon masara mai laushi na ciki idan ana ɓara, ta shanya a inuwa don kada ya yi baƙi. Ita ta nuna mini rini da karan dafi, wanda dukawa suke rina jar fata da shi, da ruwan zoɓo, da lalle. Furen ɓawon masara ya fi na takarda jure laima, kuma duk wanda ya gani sai ya taɓa ya tambaya daga ina aka kawo. A ƙasar Japan an ɗauki naɗin takarda da daraja har wani gwaninsu, Akira Yoshizawa, wanda ya rasu a 2005, ya samu lambar girma daga sarkinsu a kansa. Da na ba Dada labari sai ta ce to shi wa yake yi masa noma?

Yanzu bari in taɓo inda muke saɓawa da ƙawayena. Duk wadda ta ga aikin sai ta ce in mayar da shi sana'a sosai, in kama shago, in ɗauki yara, in riƙa tallatawa a waya. Niyyarsu mai kyau ce, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Leda ta ishe mu, ta toshe magudanai, iska tana kwasar ta har gona, tunkiya ta haɗiye ta rame a rasa dalili sai an yanka a gani a tumbi. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ma ta hana robar zuba abinci ta soso a farkon 2024. Idan irin wannan doka ta iso mu, mai yin jakar takarda zai samu kasuwa.

Amma ina roƙon masu ba da wannan shawara su yi lissafi har ƙarshe. Masana'antun takarda da gwamnati ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, yawancin takardar da muke saya a Babbar Kasuwa daga waje take zuwa, farashinta dala yake bi. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a tsakiyar 2023, duk zuwan da zan yi sai na tarar da sabon kuɗi, ga kuɗin mota ya hau. Mai biki kuwa so take jaka ta yi arha kamar leda. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurina: shago ba ya san damina. Wadda ta kama shago ta ɗauki alkawarin mutane wata goma sha biyu, ta zama tana da gona biyu, kuma ɗaya sai ta ci ɗaya. Ni kuwa abin da nake samu a awa biyun nan ba kuɗi ne kan gaba ba. Tun asuba har dare duk abin da hannuna ya taɓa na wani ne, kuma kafin gobe ya ɓace: an cinye tuwon, kwanon ya sake ɓaci, rigar ta sake datti. Furen takarda shi kaɗai ne nake yi ya kwana yadda na bar shi, ba kuma wanda ya sa ni. Kuɗin da yake kawowa ya sayi wata takardar, ya yi zubin adashi, ya yi takalman sallah, to ya isa. Ba na ganin dole ne duk abin da mace take jin daɗinsa sai an ɗora masa ciniki kafin a ƙyale ta ta yi.

Yaran kuma sun shigo ciki ta hanyarsu. Mazan da damina motar kara suke yi a gona, da tayoyin ɓawon kabewa, ni kuma in ba su guntayen kwali su yi mata lamba da gilashi. Ummi ta fi ni daidaita kusurwa, malaminsu na lissafi har ya tambaye ta inda ta koyi auna akwati. Sharaɗi ɗaya ne, ba mai taɓa almakashi sai ya gama aikin makaranta da hadda. A zamaninmu akwai darasin aikin hannu a firamare, kowa ya kawo abin da ya yi. Yanzu a makarantu da yawa sai dai a ce yaro ya kawo tsintsiya ko kuɗinta a ba shi maki, uwa ta saya a kasuwa. Wannan abin yana ba ni takaici, amma zance ne na wata rana.

Abin da yake gabana yanzu daban ne. Taki ya yi tsada, noman damina shi kaɗai ya daina riƙe gida har shekara ta zagayo, don haka maigida yana neman hayar fili a ƙasan dam ɗin Dadin Kowa ya gwada noman rani, shinkafa ko tumatir da albasa, tun da ga kasuwar gwari nan kusa a Kwadon. Ban hana ba, ni ma na ga yadda rumbu yake ƙarewa tun kafin a yi shuka. Sai dai noman rani daga Disamba yake farawa ya kai Afrilu, wato daidai watannina. Mun zauna mun yi magana da shi a gaban Dada. Na ce zan riƙa zuwa ranar dashe da ranakun girbi, abincin 'yan aiki na sauran kwanaki kuma a ba wata a can kwangilarsa a cire daga kuɗin gona, ni in zauna da yara a Dawaki saboda makaranta. Ya ce zai duba abin da hakan zai ci. Dada ta ce ita a shekarunta ba a yin irin wannan ciniki da miji, sannan ta tambaye ni ko ganyen albasa yana rinuwa. Mai filin ya ce sai bayan an kwashe wake zai faɗi kuɗin haya.